Kada Ki Taɓa Ɗakin Yanis

Landover, Maryland
Ranar Laraba, bayan la'asar

Assalamu alaikum Ummina, likitar gidanmu.

Ina gaishe ki gaisuwar uwa, wadda ba a auna ta da mudu. Ina fata takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, kunnenki ya huce daga toshewar jirgi, akwatunanki biyu sun fito babu wanda ya yi ɓatan kai. Allah Ya tsare ki a sama da ƙasa, Ya tsare ki daga sanyin nan da aka ce yana shiga har cikin haƙori. Babanki yana gaishe ki. Yana can falo yana nuna shi bai damu da tafiyarki ba, amma tun azahar sau huɗu yana goge tabaransa.

Na cusa takardar tsakanin ƙullin kuka da gwangwanin yaji, don na san nan za ki fara kai hannu. Kuma da gangan na rubuta ta da Hausa. Da Turanci ce, da kin watsa mata ido ɗaya kamar takardar magani, ki ce "na gane, Momi," ki ninke. Hausa kuwa dole ki zauna, ki bi ta da yatsa kina motsa baki. Haka nake so. Kayan da aka sha wuyar kwance ƙullinsa an fi sanin darajarsa.

Bari in fara da murnata, don ta cika mini ciki. Ranar Asabar a wajen sunan nan na Springfield, Hajiya Turai ta tare ni a gaban kular waina. Kin san ta, ƙawata ce kuma abokiyar gasata tun muna yawon sayar da atamfa gida-gida.

Ta ce, "Binta, wai da gaske 'yarki Latbiya za ta koma da zama? Ina ne ma Latbiyar nan?"

Na ce, "Inda ake neman likita da fitila da rana tsaka, Hajiya."

Ta ce, "Ikon Allah! Duniya na kokawar shigowa Amurka, taki da fasfo a hannu tana neman ƙofar fita. Ko dai aikin nan ne ya gagara?"

Na gyara ɗaurina na ce, "Hajiya, shekararki nawa a kasuwa? In layi ya cika da masu tumatir, mai wayo ɗaukar tirenta take ta koma layin da ba kowa. A nan ki jefa dutse sama, kan likita zai faɗo. Can kuwa gari guda ne sukutum yake jiran 'yata."

Sai ta cika bakinta da waina. Wallahi Ummi, wainar da na ci ranar ta fi ta kullum daɗi.

Kuma ba cika baki na yi ba. Shekara shida kina Riga, babban birnin Latbiya, kina karatun likita, kin koyi yaren nan nasu da ni har yau nake jin sa kamar ana tauna aya. Da kika gama, abokan karatunki 'yan ƙasar suka ɗaure jaka, wasu Jamus, wasu Norway, ke kuma baƙuwa baƙar fata kika ɗaga hannu kika ce a ba ki ƙauye. Jinin kasuwa ke nan. Nawa ne, ba na Babanki ba.

Lokacin da na zo bikin gama karatunki kika kai ni garin da za ki yi aiki, na kalle shi da idon da nake kallon rumfa kafin in kama ta. Ƙasar kyakkyawa ce, kore shar, daji da tafki duk inda ka juya, titi tsaf kamar an lashe. Amma ta yi mini kama da kasuwa ranar da ba ta ci. Rumfuna na nan, mutane ne babu. Kika nuna mini makarantar da aka rufe don yara sun ƙare. Kika nuna mini gidaje masu labule a taga da ciyawa har gwiwa a ƙofa. Tuffa tana zubowa daga bishiya tana ruɓewa a ƙasa, ni da nake sayen ta da tsada a nan har zuciyata ta yi zafi. Kika ce tun da aka buɗe musu ƙofar sauran ƙasashen Turai samari da 'yan mata suka kwashe, Ireland da Ingila da Jamus, suka bar tsofaffi da kyanwoyi. Likitan garin ma tsoho ne tukuf, ya gaji, amma ba halin ya ajiye aiki don babu wanda zai miƙa wa.

Kin tuna cinikin zumar da na yi da tsohuwar nan ta bakin tasha? Ba ta jin nawa, ba na jin nata, yatsu kawai muke ɗagawa. Na taya, ta girgiza kai. Na juya kamar zan tafi, dabarar da ba ta taɓa ba ni kunya ba daga Kano har Maryland, matar nan ko kallona ba ta yi ba. Dole na dawo na biya yadda ta ce. Sai ta ɗauko kokwamba guda ta ɗora mini a kan kwalbar. Gyara! Na ce a raina, ƙasar da aka san gyara, 'yata za ta iya zama cikinta.

To amma ina cikin wannan dariya sai na gane garin. Na san shi farin sani. Rafin Dinya ne, ƙauyenmu, aka shafa masa farar hoda. Mu ma haka muka kwashe, wasu Kano, wasu Legas, wasu Makka, mu kuma nan. Bambancin kawai, a labarin Rafin Dinya ni ce wadda ta tafi. Shi ya sa zan faɗa miki kurakuraina tsirara, ba ado, don ki san irin mutanen da za ki zauna da su. Mutanen da aka tafi aka bari suna da halinsu daban, kuma wanda ya taɓa barin wani ne ya fi sanin sa.

Sabon zuwana ƙasar nan, kafin in buɗe shago, aikin kula da tsofaffi na yi. Aka kai ni gidan wata Baturiya a Annandale. In gaishe ta da safe, shiru. In dafa mata, ta ci, shiru. In yi mata wasa, ta kalli taga. Ni da aka haifa a inda gaisuwa ke kai wa har kan kaji da awaki, na ce wannan ƙiyayya ce, ba ta son baƙar fata. Sati uku na yi na ce a canja mini gida. Ranar da zan tafi 'yarta ta biyo ni har mota ta ce, "Kin san ke kaɗai ce ta riƙe sunanki? Ta daina koyon sunan masu zuwa, don duk wadda ta saba da ita tafiya take yi." Ashe matar nan auna ni take yi, ni kuma na tabbatar mata da zatonta.

Don haka in kin gaida mutanen garin suka ba ki fuska kamar ƙofar banki ranar Lahadi, kada ki yi saurin yanke hukunci. Ban ce babu masu ƙin fatarki ba, akwai, ko'ina akwai, kuma kin fi ni sanin yadda ake taka musu birki. Amma yawancinsu ba ƙi ba ne, rowar sabo ce. Sun ba da sabo sau da yawa an gudu da shi. Ki ci gaba da gaisuwarki ko ba a amsa ba. Wata safiya za ki buɗe ƙofa ki tarar da bokitin dankali ko kwalbar tsamin kokwamba, ba suna, ba takarda. Amsar gaisuwarki ke nan. Ki karɓa. Kuma kada ki kuskura ki mayar da bokiti ko kwalba ba komai a ciki, a wajenmu abin kunya ne, na kuma tabbata a wajensu ma haka. Ki sa cincin ko dubulan. Yaji kam ki fara da kaɗan, ki yi musu kashedi, kada ki kwantar da rabin gari a asibitinki tun satin farko.

Kuskurena na biyu a baki yake. Ranar da za mu taso zuwa Amurka, Inna, mahaifiyata, wadda kika ci sunanta, ta rako ni har bakin mota. Ta riƙe gefen mayafina ta ce, "Binta, sai yaushe?" Na ce, "Damina biyu, Inna. Kafin ki gama cin geron bana da na baɗi na dawo." Ban yi niyyar ƙarya ba. Irin maganar da muke yi wa mai saye ce, "ba ya zuba, Hajiya, ko a teku kika wanke shi," don dai a rabu ana dariya. Amma Inna ba mai saye ba ce. Ta ɗauki maganar ta ƙulle a bakin zane. Damina biyu ta zama goma sha ɗaya. Takardu sun hana ni shekara biyar, wannan gaskiya ne, ko gaban alƙali zan faɗa. Sauran shidan ni na hana kaina: shago sabo ne, ke kina ƙarama, tikiti ya yi tsada, bari a wuce Sallah, bari a wuce sanyi.

Su ma za su tambaye ki. Tsohuwa za ta miƙo miki hannu ki auna jini, ta ce, "Likita, har yaushe za ki zauna?" Kada daɗin baki ya ja ki ki ce har abada. Kada kuma ki yanka musu adadin da ba ki da tabbas a kansa. Ki faɗi abin da ke hannunki: sanyin bana ina nan, na baɗi ma ina nan, in Allah Ya so. Ɗan ƙaramin alkawari da aka cika ya fi babba da aka yi wa kwalliya. Waɗannan mutane sun ƙoshi da "ina nan dawowa."

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Ki gyara zama.

Gidan da za ki zauna na Iya Belta ne, tsohuwar nan mai farin gashi da hannu kamar na manomi, wadda ta ba ki saman bene kusan kyauta don dai ta riƙa jin takun mutum a kanta. Ɗakuna biyu ne a saman. Ɗaya naki. Ɗayan na ɗanta Yanis ne, wanda ya tafi Ireland aikin gini tun yana saurayi, yanzu ko waya sai a yi wata da watanni bai kira ba. Ranar da muka je ta buɗe mana ɗakin. Gado a gyare, rigar sanyinsa a rataye jikin ƙusa, sandar kamun kifi a jingine a lungu, takalmansa a jere an goge su. Ba ƙura ko ta shafawa a ido. Ta jawo aljihun tebur, cike da safar ulu da take saƙa masa duk shekara. Kika fassara mini cewa kullum da safe sai ta hau ta buɗe tagar don ɗakin ya sha iska. Na ce ki tambaye ta yaushe zai zo. Ta ce, "In aiki ya yi masa sauƙi."

Kin ga na fita waje na ce zan duba bishiyar tuffa. Ba tuffa na je dubawa ba.

To makon jiya muna cin tuwo kika ce, da Turancinki mai gudu, wai in kin zauna kin saba da ita za ki lallashe ta ta kwashe kayan, ki sa mini gado a ɗakin don in na zo ziyara. Kika ce mutumin nan ba zai dawo ba, kowa ya sani, kuma ko a likitance zai fi mata lafiya ta haƙura ta daina hawa bene da ciwon gwiwa. Babanki ya gyaɗa kai ya ce magana ce ta hankali. Ni kuwa na ƙara miki miya. Na san da zuciya ɗaya kika faɗa, don ni kika faɗa. Amma Ummi, ita ce maganar hankalin da na taɓa yi, kuma ita ce ta fi komai tsada a rayuwata.

Da za mu taho Amurka, na kwashe kayan ɗakina na kai gidan Inna: gado, da kwalla, da tasoshi, da akwatin lefena. Ta ware ɗakin da ke jikin nata ta jera su kamar yadda suke a gidana. Duk Juma'a sai ta share shi, ta shanya zanin gado, ta sa turaren wuta. Tsintsiyar ɗakin ma daban take, ba mai taɓa ta. Ranar kasuwa kuma, in motar Kano za ta shigo, sai ta ɗauki tabarma ta zauna a bakin zaure, wai iska take sha.

Ni kuwa ina nan ina aika kaya. Durom bayan durom: bargo, fitila mai caji, man zafi, takalma, har da agogon bango mai kiran salla. Duk wanda za shi gida sai na ɗora masa jaka. Ina jin ana cewa Binta ta riƙe uwarta, ina jin daɗi. Waya ce na fara gudu. Don duk hirar da muka yi, ko ta kai ina, ƙarshenta ɗaya ne: "To Binta, sai yaushe?" Tambayar nan ta zame mini ƙaya. In na ga lambar Yaya Lami, yayata da ke zaune da Inna, sai in ce bari in gama da mai sayen nan tukuna.

Wata damina rumbun gidan ya rushe. Yaya Lami ta kira ni ta ce ga buhunan gero a tsakar gida ruwa na dukansu, ga ɗaki a kulle Inna ta hana a taɓa, in yi mata magana tunda tawa take ji. Ina tsaye a shago, waya a maƙale a kafaɗa, ina ɗaure wa wata 'yar Ghana busasshen kifi. Aka ba Inna wayar. Na ce, "Inna, ki ba su ɗakin nan mana. Ɗaki ba kowa ai asara ce. Kayan kuma a raba wa 'yan matan gidan masu shirin aure, in na zo na sayi sababbi."

Ta ce, "To, Binta. Yadda kika ce."

Daga ranar ba ta sake tambayata yaushe ba. Ko sau ɗaya. Kuma bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa Babanki ba: daɗi na ji. Na ce alhamdu lillahi, Inna ta gane. Na koma kiranta duk mako, muna hira sumul, ba ƙaya. Ina ganin na yi cinikin da kowa ya ci riba.

Damina biyu bayan haka Allah Ya karɓi abinsa. Kina aji huɗu, za ki tuna na bar ki wajen Hajiya Turai. Tikitin da na shekara shida ina cewa ba hali, a wuni ɗaya na saye shi. Na isa an riga an yi sadakar uku. Na nufi ɗakina, na tarar da buhuna har rufi. A ɗakin baƙi aka shimfiɗa mini tabarma, a gidan ubana. Ga barguna na nan da na aiko, wasu ko ledarsu ba a cire ba.

Washegari muna tsintar shinkafar sadaka na tambayi Yaya Lami yadda aka yi ranar da aka kwashe kayan ɗakin. Ta ƙi faɗa, na matsa. Ta ce Inna da kanta ta fito da kwallayen, ɗaya bayan ɗaya, ta hana kowa ya kama mata. Da ta gama ta miƙa wa maƙwabciya tsintsiyar nan. Yaya Lami ta ce mata, "Inna, ai gero ne kawai, in an gyara rumbu sai a mayar." Inna ta ce, "A'a Lami. Binta ta yi mini sallama ne, sai dai ta yi ta da ladabi." Kuma tun daga ranar ba ta sake fita bakin zaure ranar kasuwa ba.

Ban ce ni na kashe uwata ba, kwana ne ya ƙare. Amma ni na karɓe mata aikin Juma'a. Ni 'yar kasuwa, da nake gane mai saye tun daga takunsa, ban gane abu ɗaya ba: ɗakin nan ba nawa ba ne. Na Inna ne. A cikinsa take ajiye ni.

Saboda haka Ummi, kada ki taɓa ɗakin Yanis. Kada ki lallashe ta, kada ki kawo mata hujjar likita, kada ki ce ko akwati ɗaya za ki ajiye a ciki na ɗan lokaci, don daga akwati ɗaya ake farawa. Ke kin karanta jiki, ni na karanta mutane. Kina ganin bene yana cin gwiwarta, ni ina ganin benen ne yake tashinta daga gado. In gwiwar ta matsa, ki ba ta magani, ki kama hannunta ku hau tare, ki bar ta ta buɗe tagar da kanta. Ta san ɗanta ya yi nisa, ba yarinya ba ce, ta fi ki sani. In ranar rufe ɗakin ta zo, daga hannunta za ta zo. Ba aikin 'yar haya ba ne, ko da 'yar hayar likita ce.

Batun inda zan kwana in na zo kuwa, ki sauke wannan daga kanki. Na kwana a kan buhunan albasa a bayan mota, na kwana a bencin filin jirgi. Katifa a ƙasan ɗakinki ta ishe ni. Ko ma in sauka wajen Iya Belta, kusa da murhun nan nata mai kama da ɗaki, mu yi ta hira da yatsu.

Kuma ina da dabara, kin san ba na rasa ta. In kin zauna kin yi wata biyu uku, ta fara ba ki fuska, ki nemo mini lambar Yanis. Kada ke ki kira shi, za ki yi masa maganar asibiti ya toshe kunne. Ni za ki ba. Yana Ireland, yana jin Turanci, nawa kuma ko ya karye yana isa inda aka aike shi. Ba zan yi masa wa'azi ba. Na san ciwonsa, don na yi shi. Ba rashin so ke hana shi kira ba, kunya ce, kuma kunya irin kayan nan ne da kullum aka bar su a sito sai sun ƙara nauyi. Zan ce masa, "Ɗana, ni wata mai shago ce a Amurka, 'yata ce ke taka saman benenku. Ba a aiko ni ba. Na kira ne in gaya maka abu biyu: takalmanka a goge suke, kuma tikiti wuni ɗaya ake sayensa. Ni na sayi nawa a makare." Shi ke nan, sai in bar shi da kayan a hannu. Macen da ta sayar wa Ba'amurkiya daddawa har ta dawo ta ƙara, ba za ta kasa sayar wa ɗa hanyar gidan uwarsa ba. In ya zo, ya tarar da ɗakinsa. In bai zo ba, mun dai taya.

Sauran ƙananan abubuwa kin fi ni sani. Ki karanta jikin kowane gwangwani, mutanen nan alade har a inda ba a zato. Lokacin da rana ke ƙin faɗuwa da lokacin da take ƙin fitowa, ki tambayi malamai yadda za ki yi da salla da azumi, kada ki yanke wa kanki. In duhun sanyi ya danne miki zuciya, kada ki yi jarumta, ki kira ni ko ina tsakiyar ciniki. Wannan karon zan ajiye kifin.

Abu na ƙarshe. Jiya Babanki ya leƙa ɗakinki, ya ga akwatuna a ɗaure, ya dawo yana shafa gemu. Ya ce, "Hajiya, kwantenar nan fa tana hanya, ga katan-katan na man ja, ga buhunan gari, sito kuma ya cika. Tunda ɗakin Ummi zai zama ba kowa…"

Ban bar shi ya kai aya ba. Na ce, "Alhaji, man ja ya kwana a falo. In falo ya cika, ya kwana a gefenka na gado."

Ya ce, "Ke da ba kya barin ko kanta ɗaya ba kaya?"

Na ce, "Wannan kantar da kaya a kanta."

Ya dube ni, ya cire tabarau ya hau gogewa.

Ki shafa ƙasan takardar nan, za ki ji abu mai tauri na manne da salatif. Mukullin ƙofar gida ne. Ban ba ki don ki dawo ba. Tafi ki ci kasuwarki, 'yata, ki cika layin nan da ba kowa, ki sa Hajiya Turai ta koyi inda Latbiya take a taswira. Ba zan tambaye ki sai yaushe ba, na san nauyin tambayar, ba zan ɗora miki ita ba. Abu ɗaya kawai na roƙe ki. Wata rana tausayina zai kama ki, ki tuna tsadar wuri a garin nan, ki ji kamar ki ce, "Momi, ki zuba kaya a ɗakin nan mana." Ranar ki ciji harshenki. Na riga na sayi tsintsiya.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya. Ya sa albarka a hannunki, duk wanda kika taɓa ya samu sauƙi. Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kare ki daga sharrin mai sharri da santsin ƙanƙara. Ya jiƙan Inna, Ya ba Iya Belta tsawon kwanan da za ta ji takun ɗanta a bene. Ki gaishe ta, ki ce uwarki mai cinikin zuma tana nan tafe da rani.

Taki har kullum,
Mahaifiyarki, Binta